Jakin Kurkunu

Inna, mahaifiyata, tana da tabo a idon sawunta na hagu, baƙi mai sheƙi, faɗinsa bai wuce bakin cokali ba. Kurkunu ne ya bar mata shi tun ina yaro. Har yau in na rufe ido ina ganinta zaune a ƙarƙashin rumfa, ƙafa a miƙe bisa turmin da aka kwantar, wani farin abu kamar zaren saƙa yana fitowa daga cikin namanta. Kowace safiya a naɗe shi kaɗan a jikin tsinke, ana lallaɓa shi kada ya tsinke a ciki. Ba ta kuka. Leɓe take cizawa tana kiran sunan Allah. Daminar nan gaba ɗaya ko bakin ƙofa ba ta taka ba, kuma tun daga lokacin ɗingishi bai rabu da ita ba.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa garinmu, nan wajen Lahodu, suna raba ƙyallen tace ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗebo ruwan tabki a kwalba, ya ɗaga ta wajen rana, ya ce mu matso. Muka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare, ba su kai rabin ƙwayar gero ba, suna tsalle a cikin ruwan, su tsaya cak, su sake zabura. Ya yi bayani mai tsawo, amma abu guda ne ya zauna a kan mutane: wanda ya haɗiye waɗannan, baɗi war haka kurkunu zai fito masa. Tun ranar aka sa musu suna ƙwan kurkunu. Ni ma haka na riƙe su har na yi aure, na tara iyali, furfura ta fara fito mini a gemu. Ciwon ya ɓace daga ƙasarmu, aka haƙa mana rijiyar burtsatse, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Ni dai ban daina tace ruwa ba. Ko na burtsatsen ne sai ya bi ta ƙyalle kafin ya shiga randa.

Haka Allah ya yi ni, mai waswasi ne. Nakan rufe ƙofar rumbu, in yi nisa, in dawo in girgiza kwaɗon. Nakan idar da alwala in kasa tuna ko na shafi kunne, in sake daga farko. Matata ta gaji da yi mini magana, yanzu sai dai ta bi ni da ido.

A ƙasan gonarmu ta gero akwai wani ɗan tabki, kwari ne kawai da ruwan sama ke taruwa a ciki. Da rani ya bushe ƙaf, lakar ta tsattsage, awaki su bi ta kai. Da damina ya cika ya yi kore. Wata rana ina maimai, ɗiyata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, ta kawo mini fura. Lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Na zauna ina sha, ita kuma ta tafi bin fara. Da na ɗaga kai sai na hango ta durƙushe a bakin tabkin, ta haɗa tafukanta tana kurɓar ruwa.

Ban san lokacin da na yar da ƙwaryar ba.

"Ke! Mi kinka yi? Tofar! Tofar da shi!"

"Baba, na haɗiye. Ƙishi nika ji."

Na wanke kwalbar da nake zuba ruwan alwala, na ɗebo ruwan wurin da ta sha, na ɗaga wajen rana. Suna nan. Ba ɗaya ba, ba goma ba, kwalbar cike take da su, suna tsalle kamar yadda na gan su ina yaro. Na dubi 'yan ƙafafun Auta, masu laushi, da ƙura a tsakanin yatsu, sai na ga tsinken nan na Inna a jikinsu.

Matata tana da ƙane da ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Achida. Abokin wasana ne, bai taɓa ganina ya bar ni na sha iska ba. Washegari na ɗaure kwalbar a bayan babur, na naɗe ta da tsumma kada rana ta kashe shaidata, na same shi a makaranta.

"A'a, mijin Yaya! Mi yas same ka da sassafe? Ko kwaɗon rumbu ya biyo ka yana cewa ba ka rufe shi ba?"

"Bar wasa, Malam. Auta ta sha ƙwan kurkunu."

Ya daina dariya. Ya karɓi kwalbar ya duba, ya tambaye ni inda na ɗebo, da ko na ga wani mai ciwon ƙafa yana shiga ruwan. Na ce ban gani ba, amma ai ba kwana nake a gona ba.

"To zauna. Da farko dai waɗanga ba ƙwan kurkunu ba ne, ba kuma ɗiyanshi ba ne. Jakinshi ne."

"Jaki kamar yaya?"

"Mai ɗaukar kaya. Sai mai ciwon ya tsoma ƙafa cikin ruwa, tsutsar ta zubar da ɗiyanta, waɗanga su haɗiye su don sun ɗauka abinci ne, sannan mutum ya sha su da kayan a ciki. In mai ciwo bai taka ruwan ba, jaki na yawonshi babu kaya. Kuma an daɗe ba a ji mai ciwon ba a ƙasar ga."

Ya ja ni zuwa wani ɗaki mai dogayen tebura, ya ɗauko madubin likita daga cikin akwati, ya goge shi. Ya ɗiga ɗigo guda na ruwan a kan ɗan gilashi, ya murɗa, ya murɗa, sannan ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Da farko haske kawai na gani. Sai wani abu ya gifta. Malam ya ɗan matsar da gilashin, abin ya dawo tsakiya ya tsaya.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Ɗigon nan da na yi shekara da shekaru ina tsoro, wanda na ɗauka ƙazanta ce kawai mai motsi, ashe halitta ce cikakkiya. Yana da kai, yana da ido guda ɗaya ja a tsakiyar goshi. Wasu dogayen gashi biyu sun fito daga kan sun buɗe hagu da dama kamar ƙahonin saniyar Fulani. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne, yana sirancewa har wutsiya, wutsiyar ta rabu biyu, kowane reshe da gashinsa a jere kamar an taje. Ƙafafu a ƙarƙashi suna kaɗawa. Komai a wurinsa, babu abin da aka yi da gaggawa.

Sai idona ya faɗa kan wasu buhuna biyu da ke rataye a gefe da gefe wajen ƙugunsa, cike da 'yan ƙwallaye. Na ɗago da ƙarfi har na bugi madubin.

"Malam, ga mangala nan! Wallahi da kaya! Dukan ɓangarorin biyu cike suke!"

Ya leƙa. Sai ya dafa tebur ya fashe da dariya har da hawaye, har wani malami ya leƙo ta taga ya ga ko lafiya.

"Wayyo cikina! Ni na jawo, da nic ce maka jaki. Mijin Yaya, ƙwanta ne, nata na kanta. Mace ce. Goyo ta yi, kamar Yaya lokacin da taka ɗauke da Auta. Kayan kurkunu ba a waje suke zama ba, a cikin ciki suke, kamar ɗan zare a naɗe. Duba cikinta da kyau, ka ga wani zare?"

Na duba har idona ya yi ruwa. Ana ganin cikinta tas kamar ta cikin kwalba. Ban ga zare ba. Ya sake ɗigo, muka duba wata, muka duba wani marar mangala, wanda ya ce ko namiji ne ko wadda ba ta yi ƙwai ba tukuna. Babu zare.

A ɗigo na gaba wata halitta dabam ta bayyana, mai kumburarren jiki, da hannuwa biyu masu rassa da take iyo da su. Malam ya ce in dubi bayanta, sama kaɗan. Wani ɗan abu ne ke bugawa a wurin, da sauri, ba ya tsayawa.

"Mi ne ne wanga ka motsi?"

"Zuciyarta."

Na ja da baya na zauna a kan benci. Zuciya. A cikin abin da in ya faɗa ido ba za ka ji shi ba. Na sa hannu a ƙirjina, tawa ma tana bugawa. Sai na kama tasbihi.

Ranar Malam bai shiga aji da wuri ba. Ya nuna mini wata kuma mai kama da ƙwayar wake da aka ɗan buɗe, ɓawo biyu ne da ita, ƙafafu na leƙowa ta tsakani, in an taɓa gilashin ta rufe kanta. Ya ce duk waɗannan ba dangin sauro ko tsutsa ba ne kamar yadda muke ɗauka. Danginsu na kusa su ne ƙaguwa da jatan lande, busasshen nan da matan kudu ke sayarwa a kasuwar Goronyo ana daka shi a miya. Gida ɗaya ne babba, in ji shi, kowa da ɗakinsa. Na tambaye shi sunan mai ido ɗayan. Ya faɗi wani suna da bakina bai iya maimaitawa ba, ya ce wannan ma sunan zuriyar ne, ba nata na kanta ba. Kafin a san ainihin irinta sai an ƙirga gaɓoɓin gashin kanta, a sa allura mafi siririn gashi a ciro ƙafarta ta ƙarshe a duba siffarta. Shi bai da kayan yin haka, kuma bai ƙware ba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan tun ƙuruciya har tsufa, kuma har yanzu suna cin karo da waɗanda ba a taɓa sa wa suna ba.

Na ji wani irin sanyi da na san akwai masu bin abu a hankali haka, su duba, su sake dubawa, kuma ba a ce musu masu waswasi.

Ya ce ya fara ganinsu ne lokacin da ya yi bautar ƙasa a kudu, a bakin teku. Ana jan wata raga mai laushi kamar ƙyallen tace koko a bayan jirgin ruwa, a ɗago ta da abu kamar kunu a gindinta, kuma kunun nan duk su ne. Na teku sun fi namu yawa nesa ba kusa ba, wasu shuɗi, wasu ja, wasu masu gashi kamar gashin tsuntsu. Su ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙanana, har a kai ga waɗanda suka fi motar ɗaukar albasa girma. In babu su, babu kifi. Ni ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Goronyo. Na ce to mi ya haɗa dangin teku da gonar gero? Ya ce dangin sun bazu ko'ina akwai ruwa, kuma masana sun ce ita kanta ƙasar nan tamu teku ta taɓa kwanciya a kanta, tun kafin a yi mutane. Shi ya sa in an fasa duwatsun tuddan wajen Wurno ake samun ɓawon halittun ruwa a ciki. Na tuna irin duwatsun, muna yara muna jifa da su.

Da zan tafi na riƙe hannunsa.

"Malam, ka rantse mini babu komai a cikin Auta."

"Ba ni rantsuwa. Waɗanda munka duba babu. Waɗanda tas sha ban gan su ba. Hankalina ya ba ni babu, ƙwarai kuwa. Amma tabbaci sai shekara ta zagayo. In ka ga ƙurji a ƙafarta, kada ta taɓa ruwan tabki, ka kai ta asibiti."

Haka na shiga shekarar jira. Kowace safiya in na dawo masallaci sai in zaunar da Auta a kan tabarma, in ɗauki ƙafarta in duba, daga gwiwa har tafin sawu, tsakanin yatsu, bayan diddige. Tana jin cakulkuli, ta yi ta ƙyalƙyala dariya tana fizgewa. Matata ta ce zan sa wa yarinya ciwon da ba ta da shi. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Takan zauna gefe tana jan carbi tana kallonmu.

Aka yi girbi, tabkin ya janye, ya bushe. Na ƙudura a raina zan cike shi da ƙasa kafin wata damina, kowa ya huta. Na yi magana da maƙwabcina zai ara mini amalanke. Ana cikin haka Malam ya zo gaida yayarsa, na gaya masa.

"Gonarka ce," in ji shi. "Amma kafin ka binne mutane, ka je ka gaishe su mana."

"Waɗanne mutane? Wuri ya bushe ƙaf, ko kiyashi babu."

"Ɗebo lakar cikin tafi guda, ka zuba mata ruwa, ka aje a inuwa."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, amma maganar ta hana ni sakat. Ana tsakiyar bazara, zafin da ko kare ba ya fita. Na je na ɓamɓaro ɓawon laka daga tsakiyar tabkin, yana ƙona hannu, ya bushe kamar katangar tukunya. Na samo babbar kwalba mai faɗin baki na wanke ta. Ruwan burtsatse na ɗebo, na tafasa, na bar shi ya huce, don kada in ce da su ya zo. Na zuba a kan lakar.

Inna ta ce, "Wahala kaka yi. Ruwan sama ka zuwa da su. Daga sama suka faɗowa, kowa ya san haka."

Don haka na ɗauko ƙyallen tace ruwa na ɗaure bakin kwalbar tam, yadda ko sauro ba zai shiga ba, balle abin da zai faɗo daga sama. Na ajiye ta a ƙarƙashin rumfa.

Kwanakin farko laka ce kawai ta kwanta, ruwan ya washe. Na riƙa zagayawa ina leƙawa har matata ta ce ko kishi zan sa ta yi da kwalba. Wata safiya bayan na gama duba ƙafar Auta, na ɗaga kwalbar wajen hasken da ke shigowa ta tsakanin karan rumfa. Wani ɗigo ya motsa. Na ƙura ido. Wani ma ya motsa.

Kafin mako ya zagayo kwalbar ta zama gari. Masu tsalle suna nan, masu kama da wake suna gudu a kan laka. Sai ga wasu da ban gani ba a makaranta, sun girma har ido na ganinsu sosai, dogaye, jikinsu kamar ruwa, suna iyo a rigingine, ƙafafunsu a sama suna kaɗawa bi da bi kamar iska na bin gero. Waɗannan kam ko ba a gaya mini ba na ga kamarsu da jatan lande.

Na kai wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu, ta kusanto da ita ga idonta.

"Babu hadari, babu yayyafi," ta ce a hankali. "Ashe dut rani suna nan ƙarƙashin ƙafarmu."

Malam ya ce wasunsu ƙwai suke bari a laka kafin ruwa ya ƙafe, wasu kuma su da kansu ke shiga lakar su yi kamar sun mutu, kuma suna iya jira ko da damina ta ƙi zuwa. Na yi ta tunanin wannan. Rana ta gasa wurin wata da watanni, awaki sun tattake, ni kaina na bi ta kai da takalmi ba sau ɗaya ba. Ƙasa busasshiya, matacciya a ganin ido, ruwa ya taɓa ta, rai ya tashi. Tun muna yara ake gaya mana za a tashe mu daga ƙasa, na kuma yi imani, amma ban taɓa zaton zan riƙe misalinsa a hannuna a ƙarƙashin rumfar gidanmu ba.

Sai wata damuwar ta taso: yaya zan yi da su? In na zubar a ƙasa na kashe su, kuma ni na tashe su ba lokacinsu ba. Na kira Malam a waya. Ya yi dariya ya ce, "Jiya kai za ka binne su da amalanke, yau kai ne uban goyonsu." Ya ce in bar kwalbar ta bushe da kanta, za su bar ƙwai. Haka na yi. Da ta bushe na kankare lakar na mayar da ita inda na ɗebo. Na je na gaya wa maƙwabcina na fasa aron amalanken. Ƙaya na sara na kewaye gefen tabkin da yara ke bi.

Damina ta sauka, lokacin da nake tsoro ya zo. Wata safiya na juya ƙafar Auta sai ga bororo a bayan diddigenta, ya ɗuri ruwa. Na ɗauke ta cak na kai gaban Inna.

Inna ta aje carbi, ta ɗora ƙafar a cinyarta, kusa da tata mai tabo. Ta latsa gefen da yatsa.

"Ke 'yar nema, yana yi miki ƙuna kamar an aza garwashi? Kina jin kamar ki tsoma shi cikin ruwa?"

"A'a, Inna. Sai in na sa takalmi yaka zafi."

"Wane takalmi?"

"Sabon na roba."

Inna ta dube ni. "Wanga ba shi ba ne. Wanda ya san shi ba ya mance shi. Je ka sha ruwa, ka ga yadda kaka zufa."

Duk da haka na kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta duba ta ce takalmi ne. Bororon ya fashe ya warke. Na ci gaba da dubawa har gero ya yi kai, har aka yanke, har shekara ta wuce da watanni. Wata safiya Auta ta zo da kanta ta zauna ta miƙo mini ƙafa kamar kullum. Na riƙe ta, lafiyayya, sumul, ta ma ƙara tsawo. Na ce ta tashi ta je ta shirya makaranta, daga yau an gama.

Har yanzu ina tace ruwa, kuma na hana kowa shan na tabkin. Jaki ko babu kaya jaki ne, ban san wanda zai zo wata rana ya ɗora masa ba. Amma in azahar ta same ni a gona da damina, na tace ruwan tabkin zan yi alwala, ba na yarfe ƙyallen a kan ƙasa kamar da. Nakan koma bakin ruwan in durƙusa, in juya ƙyallen, in ɗauraye shi a hankali har sai na tabbata duk sun sauka. Wani lokaci ina tashi sai in yi shakka, in koma in sake ɗaurayewa.